Wai da gaske injin V8 ya kusa ƙarewa? Ina neman shawara kafin in saka kuɗina

Ɗan Yantala:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Don Allah masana mota ku agaza min da shawara, abin ya kwana biyu yana cina a rai. Akwai wani bawan Allah nan Yamai da yake son saida Dodge Charger ta 2014, inji V8 mai girman litar 5.7, baƙa, ya shigo da ita tun lokacin da motoci ke biyowa ta Kwatano kafin a rufe iyaka. Ran Lahadi bayan la'asar na je na gan ta, ya tada ta ina tsaye a bayanta, wallahi ba a kunne na ji ƙarar ba, a ƙirji na ji ta, wani gurnani ne mai nauyi yana fita daki-daki kamar ana buga tambari daga nesa, yaran unguwa da ke ƙwallo suka watsar da ƙwallon suka zo suka kewaye mu. Ni tun ina kolej nake son irin waɗannan motocin na Amurka, hoton Mustang ma na taɓa yanka daga kalanda na liƙa a bangon ɗakinmu, kuma yanzu Allah ya hore min ɗan abin da zan iya saya.

To da na kai maganar gida sai yayana ya ce kul, wai kamfanin ma ya daina ƙera ta, duniya duk ta koma ƙananan injuna masu turbo da motocin lantarki, nan da ƴan shekaru ko buji ba zan samu ba sai dai in aje ta ƙarƙashin bedi kaji su riƙa kwana a ciki. Ya ce in duba ma Land Cruiser ɗin manya da muke ce wa V8, sabbin da ke shigowa yanzu babu V8 a cikinsu. Abin ya ɗaure min kai gaskiya. Shin da gaske ne an daina? Me ya kawo haka, tunda ƙarfi dai suna da shi? Kuma mu nan da zafinmu da ƙurarmu, wanne ya fi mana, babban inji ko ƙarami mai turbo? Ba tsere nake son yi ba, daga Yantala zuwa wurin aiki ne, sai ɗan zuwa Dosso gaida tsofaffi lokaci-lokaci. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Maigaraji Tawa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni makanisiye ne nan Tawa, na hi shekara talatin hannuna cikin baƙin mai tun ina apranti, to bari in hwaɗa maka abin da idona ya gani.

V8 silinda takwas ne, huɗu wanga ɓangare huɗu wancan, sun buɗe awa harahin V. Daɗinshi shina aiki ba shi wahala, kana gudu ɗari da ashirin bisa gudiron Ƙonni shi ko kamar barci shikai. Shi ko turbo ka san zugazugin maƙeri? To shi ne. Hayaƙin da za shi hita salansa shi anka tare shi juya wata ƴar hwanka, ita kuma ta juya ƴar'uwatta da ke tura iska cikin inji da ƙarhi, iska ta yi yawa a ƙara mata mai, sai ƙaramin inji shi yi aikin babba. Dubara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ƴar hwankan nan tana juyi hiye da sau dubu ɗari a minti guda, ga wutar hayaƙi tana dukanta, kuma ba abin da ke riƙe da sandarta sai ɗan siririn man inji. Ka ga ke nan abokan gabarta ukku ne, ƙura da zahi da mugun mai, kuma dukansu mu ne masu su.

Satin da ya wuce anka kawo min wata daga hanyar Keita, ba ta ja, tana hayaƙi shuɗi. Da munka kwance turbo na ɗora bisa tahin hannu, bakin fukafukan duk ya cinye awa ɓera ya gaigaye, in ka taɓa sandar tana wasa. Na ce a buɗe filtar iska, ashe shekara biyu ba a sake ta ba, hura ta ɗai akai da iska wurin mai faci har ta huje, ƙasa na wucewa kai tsaye. Man inji kuma na kwalba ne na bakin hanya. Wanga ba laihin waɗanda sunka ƙera ba ne, laihinmu ne. Tsohon babban inji marar turbo shina haƙuri da irin wanga sakaci shekara da shekaru, mai turbo ba shi yahe maka. Wanda ke da ita shi yi bidanj kan kari, ni kilomet dubu biyar nike ce ma mutanena, shi sa mai na gwangwani rufaffe, kuma in ya yi doguwar tahiya kar shi kashe nan take, shi bar ta minti ɗaya ko biyu ta huce.

Zancen motar da ka gani kuma. Injin nan 5.7 buji goma sha shidda gare shi, biyu kowace silinda, ka sa wanga cikin lissahi. Man inji shina shan kusan litar bakwai, kuma siririn mai shike so don akwai dubarar da ke kashe silinda huɗu in kana tahiya sannu, in ka zuba mishi mai kauri abin na rikicewa. Ka koma da sassahe motar ta kwana ba a tada ba, ka ce a tada gabanka, ka sa kunne sama ga inji, in ka ji ƙas-ƙas-ƙas da bai ɓacewa bayan ta yi zahi to ka yi hattara. Sannan ka duƙa ka dubi cikinta, motar ƙasa-ƙasa take, an yi ta don hanyar da ba ta da rami, damana ta zaka unguwanninku na Yamai sun cika da ruwa mi za ka yi? Ni ba injin nike jiye maka ba, ƙahwahu da gilashi da hitila da ƴan na'urorin wuta, su ne ba ka samu Katako, sai an yi maka oda.

Shofer na proje:

Baba Maigaraji ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni abu guda zan ƙara don akwai ruɗani a nan. Abin da mu ke kira V8 a Nijar da abin da Ɗan Yantala ya gani ba dangi ɗaya ba ne. Tamu ta manya Land Cruiser 200 ce, da yawansu gazuwal 4.5 ne, kuma wannan V8 ɗin ma turbo gare shi har biyu, mutane ba su sani ba kawai. Na tuƙa ta shekaru tsakanin Tawa da Abalak da Agadas. A 2021 Toyota ta fito da 300 ta cire V8 gaba ɗaya, ta sa V6 mai turbo biyu, na esansi da na gazuwal 3.3, da buwat mai giya goma. Nissan ma haka ta yi wa Patrol a 2024, ta aje V8 5.6 ta koma V6 mai turbo. To na hau sabuwar, kuma tsakani da Allah ta fi ja, in ka taka a yashi ba ta jira, ga shi nauyinta ya ragu. Abin da na rasa kawai sautin nan mai kauri in kana hawan tudu. Har yau in na tsaya istasiyo yara cewa suke ga V8 ga V8, sunan ya riga ya zauna.

Amma in maganar daji ce ta gaske, inda ba reso ba garaji, duk shofer ya san wadda yake roƙon a ba shi, tsohuwar pikop mai injin 1HZ, silinda shidda 4.2 ba turbo ba ordinater. Ba ta gudu amma tana maido ka gida.

Malamin Lise:

Salamu alaikum. Yayanka ya yi gaskiya rabi, ɗan'uwa, bari in cika maka sauran don na daɗe ina bin labarin nan.

Da gaske ne a Disamba 2023 Dodge ta rufe ƙera Challenger da tsohuwar Charger a masana'antar Brampton ta Kanada, Chevrolet ma ta tsaida Camaro, samfurin 2024 shi ne na ƙarshe. Cikin manyan kamfanonin nan uku, Dodge da Chevrolet da Ford, Mustang ta Ford kaɗai ta rage da V8 ɗinta 5.0, ita ma ana saida ta da ƙaramin inji 2.3 silinda huɗu mai turbo wanda ke ba da ƙarfin doki 315. Ka riƙe wannan adadin, don Charger ɗin da ka gani da silindarta takwas 370 take bayarwa, ka ga tazarar ba ta kai yadda kunne ke gaya maka ba. Sabuwar Charger kuwa iri biyu aka fito da ita, ta lantarki da ake kira Daytona, da mai silinda shidda a jere 3.0 turbo biyu da ke kai doki 550.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ba yau ne karon farko da aka yi wa V8 zaman makoki ba. Zamanin ya fara ne wajen 1964 da Pontiac GTO da Mustang, lokacin man fetur a Amurka kamar ruwa. Shekara goma bai cika ba abubuwa suka taru masa, dokar tsabtace iska ta 1970, kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa masu irin motocin, sai ga takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973 mutane suka kwana layi a gidajen mai. A 1975 aka kafa dokar da ta tilasta wa kowane kamfani matsakaicin shan mai na dukan motocin da ya saida kada ya wuce wani ƙa'ida, in ya wuce ya biya tara. Mustang ta 1974 ko V8 ba ta da shi a Amurka, da aka maido shi a 1975 doki wajen 140 kacal yake bayarwa. Kowa ya ce an gama. Sai enjekter mai fesa wa inji mai daidai gwargwado da ordinater suka zo suka tashe shi, har aka kai 2015 Hellcat ta Dodge ta fito da doki 707, a 2023 ƴar'uwarta Demon 170 ta kai 1,025. Wato ma a ƙarshen ne ya fi ƙarfi, ba rauni ya kashe shi ba.

Lissafi ne ya kashe shi. Duk V8 guda da kamfani ya saida tana ja masa matsakaicin shan man nan sama, Stellantis mai Dodge ta biya tarar sama da dalar Amurka miliyan 235 na shekarun 2018 da 2019 kaɗai. Ga Turai da Sin suna matsa lamba kan hayaƙi, kamfani kuma ba ya son ƙera inji don kasuwa guda. Har Mercedes ta cire V8 daga C63 ta sa silinda huɗu da batir, masoyanta suka yi ta ƙorafi.

To amma iska ta sake juyawa. Ram, ƴar gida ɗaya da Dodge, ta cire wannan injin naka 5.7 daga pikop ɗinta ta 2025, masu saye suka ƙi yarda duk da sabon ya fi shi ƙarfi a takarda, a Yuni 2025 kamfanin ya fito ya amsa kuskure ya ce ya maido shi. A Yuli 2025 Amurka ta soke tarar nan, General Motors kuma tun a Mayu 2025 ta sanar da zuba dalar Amurka miliyan 888 don sabon V8 a masana'antarta ta jihar New York. Ni a ganina ba zai ɓace ba, amma ya bar hannun talaka ke nan, zai zama kamar doki a wurinmu, da shi ake zuwa ko'ina, yanzu sai mai hali ke kiwonsa don hawan salla. Wannan ne ke min ciwo, don asalin motocin nan na ɗan ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi.

Maganar piyes kuwa hankalinka ya kwanta ta wajen inji, tun 2003 ake sa shi cikin Ram, daga baya kuma Jeep da Durango da Chrysler 300, suna nan birjik a duniya. Jira ne dai za ka yi kafin su iso ta Lome ko Kano.

Ƴar Wadata mai pano:

Ku yi haƙuri yayyena in sa baki, ni aikin sola nake yi, kuma na ga duk an bi ta kan lantarki an wuce kamar ba namu ba ne. Na yarda Daytona ɗin nan ba ta mu ba ce, doki 670 gare ta amma nauyinta ya haura tan biyu da rabi, batir ɗinta wajen kilowat-awa 100, har lasifika suka sa mata a baya tana kwaikwayon kukan V8 don su lallashi masu saye, ni wannan bai burge ni ba, in abu sabo ne a bar shi da kamarsa. In za ka cika irin wannan batir da panon sola mai wat 550 wanda a ranarmu yake tara kusan kilowat-awa 3 a wuni, sai ka jera sama da talatin. Kuma ba wanda ya manta Agusta 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, yadda muka kwana a waje muna fifita, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ce ta zo ta ɗan rage mana zafi.

Amma yaya Ɗan Yantala, kilomet nawa kake yi a rana? In talatin ne, ƙaramar motar lantarki kilowat-awa biyar zuwa shidda za ta ci, pano biyu ko uku ke nan bisa rufin ɗakinka. Ba bidanj, ba buji goma sha shidda, ba filtar da ƙura za ta huda, in ka taka birki ma wuta take maidawa cikin batir. Ita ma zafi na rage mata kwana, dole a nema mata inuwa, ban ɓoye ba. Kuma ku tuna watan Maris 2025, ga matatar Zinder muna da ita amma layin esansi ya kai inda ya kai, ni da idona na ga wani dattijo mai taksi yana tura motarsa cikin layi da azumi a bakinsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rana kuwa ba a taɓa yin layinta ba. Habasha tun 2024 ta hana shigo da motocin mai, su suna da madatsar ruwa, mu muna da rana.

Ni damuwata ba mai Charger guda ɗaya ba ne, shi sha'awa ce kuma halal ɗinsa ne. Damuwata faba-faba da taksi da kabu-kabu da ke tsaye a rompuwan suna zuba mana hayaƙi, ɗiyata ƙarama na da ciwon ƙirji, in hunturu ya shigo ƙura ta haɗu da hayaƙin nan ba ma barci. Daga nan ya kamata lantarki ya fara mana.

Maigaraji Tawa:

Ɗiyata Allah shi ba yarinya lahiya. Maganarki ta taɓa inda ke min ƙaiƙayi. Duk abin da sunka daina can, shekara goma sha ne muke ganin shi nan a okaziyo, yanzu ƙananan masu turbo sun hwara cika garaji, gobe masu batir na tahe ko muna so ko ba mu so. Apranti shidda gare ni, kowanensu in ya ji kukan inji shina gaya maka silindar da ba ta ci, amma guda ɗai ke iya karanta baliz, na'urar nan da ke gano ciwon mota, in mun jona ta ga mota, shi ma don ya yi aji ukku na kolej. Motocin batir kuma an ce wayoyinsu masu ruwan lemu wutarsu ta kai bolt ɗari huɗu, kuskure guda sai gawa, ba irin batir ɗinmu na sha biyu ba da yaro ke gwadawa da sifana. In akwai inda ake koyar da wanga aiki nan Yamai ki gaya min, in aiko biyu cikinsu bayan girbi, ni zan ɗauki abincinsu.

Ɗan Yantala:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Baba na rubuta duk abin da ka ce. Na zauna na yi lissafin mai, litar esansi dala ɗari ba tamma ɗaya take, 499, mai motar ya ce min cikin gari da kilim a kunne tana shan kusan litar 20 a kilomet ɗari, wato jika goma ke nan, a wata zai kai ni wajen jika tamanin ko casa'in in ban yi yawo ba. Ya yi nauyi amma zan iya in na riƙe babur ɗina don zirga-zirgar yau da kullum, ita kuma ta zama ta Juma'a da Lahadi da hanyar Dosso. Har yanzu raina na kanta, ba zan ɓoye muku ba, musamman da Malam ya ce ba za a sake yin irinta da arha ba.

Mun yi da shi ran Asabar ƙarfe bakwai na safe zan je da makanisiyena kafin a tada ta, za mu saurari injin da sanyinsa mu ɗaga ta mu duba ciki. Ƙanwata mai pano zan neme ki kan maganar gida, wannan daban. Baba tambaya ɗaya ta rage, in mun ji ƙas-ƙas ɗin nan amma ya ɓace bayan minti ɗaya, in saya ko in bari?